Sauya Sheƙa: Wa Ya Rage a Gidan Adawa?

A watan Mayun 1983, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya yi abin da ɗan siyasar yau zai ji kamar tatsuniya. Yana gwamnan tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa har da Jigawa ta yanzu, sai ya bar jam'iyyar PRP da ta kai shi gidan gwamnati ya koma NPP. Amma bai tafi da kujerar ba. Ya ajiye mulki, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya hau, shi kuma ya fita neman ƙuri'a a ƙarƙashin sabuwar tuta kamar kowane ɗan takara. Da aka yi zaɓe a watan Agusta, Kanawa suka ba Sabo Bakin Zuwo na PRP.

Bayan shekara 42, a watan Afrilun 2025, gwamnan Delta Sheriff Oborevwori ya bar PDP ya koma APC. Shi kam ya tafi da komai: kujerarsa, mataimakinsa, 'yan majalisar jiha, kwamishinoni, shugabannin ƙananan hukumomi, har da jagororin jam'iyyar da ya baro. Cikin ayarin akwai Ifeanyi Okowa, wanda shekara biyu kacal kafin nan shi ne mataimakin Atiku Abubakar a takarar shugaban ƙasa ta PDP. Jihar da tun 1999 ba ta san wata gwamnati ba sai ta PDP ta kwana a ƙarƙashin lema ta tashi da tsintsiya a hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba.

Ashe somin taɓi ne. A watan Yuni gwamnan Akwa Ibom, Umo Eno, ya bi sahu. A Oktoba Peter Mbah na Enugu ya tafi, Douye Diri na Bayelsa shi ma ya fice daga PDP, ya karɓi tsintsiya a Nuwamba. Jihohin nan uku, kamar Delta, PDP ce ta mulke su tun dawowar farar hula har zuwa lokacin. A Disamba Siminalayi Fubara na Ribas ya shiga layi, Ademola Adeleke na Osun kuma ya nufi wata ƙaramar jam'iyya mai suna Accord. A Janairun 2026 guguwar ta iso Kano, inda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya bar NNPP, jam'iyyar da ba ta da wani gwamna sai shi, ya koma APC. Majalisar Dattawa ma ba ta tsira ba: APC ta shiga zauren a 2023 da sanatoci 59 cikin 109, kafin 2025 ta ƙare ta haura 70. Sanatocin Kebbi uku, Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi da Garba Maidoki, rana ɗaya suka tashi.

Cikin duk gwamnonin nan babu wanda ya ajiye kujerarsa.

Daga Sawaba zuwa tikiti

Bahaushe ya ari kalmar ce daga wurin tsuntsu, wanda kan bar sheƙarsa idan reshe ya bushe ko maciji ya gano ta. Ɗabi'ar kuwa ta girmi 'yancin kan Najeriya. Masu tarihi kan fara lissafi daga Ibadan a 1951, lokacin da wasu zaɓaɓɓun 'yan Majalisar Yankin Yamma da ake ɗauka suna tare da Dakta Nnamdi Azikiwe suka jingina da jam'iyyar AG ta Cif Obafemi Awolowo, rinjaye ya tafi tare da su. A Arewa ma an yi. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, yana cikin samarin da aka fara NEPU da su, daga baya ya koma NPC har ya zama minista.

Sai dai a wancan zamani akwai gidan adawa wanda ba ya rushewa don wani babba ya fita. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ba ta taɓa kafa gwamnati ba, balle ta sami kwangila ko muƙamin da za ta raba. 'Ya'yanta sun sha bulala a kotunan alƙalai, sun sha ɗauri a gidajen yarin En'e, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama. Duk da haka tela da mahauci da ɗan koli da malamin soro suka riƙe katinsu gam, domin sun san abin da suke faɗa da shi: haraji da jangali, aikin tilas, da danniyar hakimai da 'yan doka. Mai cewa "Sawaba" da mai cewa "Salama" aƙida ce ta raba su, kuma kowannensu zai iya bayyana tasa.

Magajiyarta PRP ta nuna haka a aikace. Da ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta biyu suka soke haraji da jangali, talaka ya ga bambanci a aljihunsa. Alhaji Balarabe Musa na Kaduna ya fuskanci majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amince masa da kwamishinoni, ya ƙi rusuna mata, har ta tsige shi a watan Yunin 1981. Ko rikicin Santsi da Taɓo da ya raba Malam Aminu Kano da gwamnoninsa, muhawara ce kan inda jam'iyya za ta dosa da waɗanda za ta yi ƙawance da su, kuma har a teburin mai shayi an tafka ta.

Yau da wuya a sami magoyin bayan da zai lissafa abu uku da suka raba manufar APC da ta PDP. A zaɓen 2023, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun yi alkawarin cire tallafin man fetur. Jam'iyya ta koma motar haya: ana shiga don a kai mutum tasha, idan ta lalace a hanya a sauka a tari wata.

Abin da doka ta ce, da ƙofar da ta bari

Tsarin mulkin 1999 bai yi shiru ba. Sashe na 68 ya ce sanata ko ɗan majalisar wakilai da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya shiga wata kafin wa'adinsa ya cika, ya rasa kujerarsa. Sashe na 109 ya faɗi haka kan 'yan majalisun jihohi. Amma an yi togaciya: ban da idan jam'iyyar ta rabu gida biyu, ko ta yi maja da wata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka kusan kowace wasiƙar sauya sheƙa da ake karantawa a zauren majalisa sai ta ambaci rabuwar kai a jam'iyya. Inda babu tsaga, 'yan siyasa sun iya sassaƙa ta.

Kotun Ƙoli ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa a shari'ar Ifedayo Abegunde, ɗan majalisar wakilai daga Ondo da ya bar jam'iyyar Leba ya koma ACN a 2011. Ta ce rigimar reshen jiha ba hujja ba ce, sai rabuwar ta kai ga uwar jam'iyya ta ƙasa har ta hana ta aiki. Hukunci mai kyau, amma ya fito ne a watan Afrilun 2015, saura 'yan makonni majalisar ta kammala shekarunta huɗu. Wata matsalar kuma, wanda doka ta ɗora wa alhakin bayyana cewa kujera ta zama babu kowa shi ne shugaban majalisa, kuma galibi jam'iyyarsa ce ke karɓar baƙon. Maimakon kora, tafi ake yi masa da rungume-rungume.

Gwamna da shugaban ƙasa kuwa ko wannan barazana ta takarda ba ta hau kansu ba. A 2007 Shugaba Olusegun Obasanjo ya so ya raba mataimakinsa Atiku da kujera saboda ya koma jam'iyyar AC, Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulki bai san wannan hanyar cire mutum ba. A watan Maris na 2022 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta sauke gwamnan Ebonyi David Umahi saboda ya bar PDP, tana cewa ƙuri'a ta jam'iyya ce, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin.

Abin mamaki, wanda ya ƙi tashi shi ke shan wuya. Da Isa Yuguda na Bauchi ya bar ANPP ya koma PDP a 2009, mataimakinsa Garba Gadi ya tsaya a inda aka zaɓe su, majalisa ta tsige shi, sai daga baya kotu ta maido shi. Da Bello Matawalle na Zamfara ya koma APC a watan Yunin 2021, mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya zauna a PDP, aka tsige shi a Fabrairun 2022.

Wasu ƙasashe sun fi tsanantawa. Indiya ta kafa dokar hana sauya sheƙa a 1985, bayan shekarun da 'yan majalisa suka yi ta kifar da gwamnatocin jihohi ta hanyar tsallake-tsallake. Afirka ta Kudu ta gwada buɗe ƙofa na ɗan lokaci, ta ga ƙananan jam'iyyu na narkewa, ta rufe ta a 2009.

Me ake gudu, me ake nema?

A bainar jama'a dalilan ba sa wuce uku: mutanena ne suka buƙata, ina so in haɗa jiharmu da gwamnatin tarayya don a sha romon dimokuraɗiyya, ko na gamsu da ayyukan shugaban ƙasa. A cikin ɗaki kuwa maganar tikiti ce.

Dokar Najeriya ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Jam'iyya kuma a jiha tana aljihun gwamna, shi ke naɗa shugabanninta tun daga mazaɓa, shi ke da ta-cewa a ranar zaɓen fidda gwani. Wanda ya ɓata da shi, ko da ubangidan da ya kawo shi, ba shi da zaɓi sai neman wata inuwa. Ga kuma tsada: a 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP, kafin a zo kan daliget, 'yan jagaliya, sojojin baka na gidajen rediyo da lauyoyi. Wanda ya kashe irin wannan dukiya ba ya son zaman shekara huɗu ba tare da inda zai mayar da gurbinta ba.

Akwai kuma tsoron kotu, kuma ba tsoron banza ba ne. A watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta zubar da dukan ƙuri'un APC a Zamfara, daga gwamna har 'yan majalisa, saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. A ƙarshen 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori 'yan majalisar dokokin Filato 16 na PDP saboda rikicin shugabancin jam'iyyar a jihar. Gwamnan da ke neman zango na biyu, ya ga jam'iyyarsa na da shugabanni biyu da sakatarori biyu kowa da takardar kotu, ya san zai iya cin zaɓe ya rasa kujera a gaban alƙali. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ba sai an ce maka ka nemi ruwa ba.

Sai batun EFCC, wanda 'yan adawa ke yawan kuka da shi. A wani gangami a Benin a Janairun 2019, shugaban APC na lokacin Adams Oshiomhole ya gaya wa sababbin shiga cewa duk wanda ya shigo jam'iyyar an yafe masa zunubansa, kuma har yau ana yi wa jam'iyyar gori da wannan magana. Okowa ya sha tambayoyi a hannun hukumar a Nuwamban 2024, wata biyar kafin ya sauya sheƙa, ko da yake ya musanta zargin da ake yi masa. Ba kullum katin jam'iyya ke zama laya ba: Joshua Dariye yana sanatan APC aka ɗaure shi a 2018. Amma a 2022 an yi masa afuwa.

Idan ana neman hujjar cewa rigimar ta mutum da mutum ce, Kano ta isa. A 2013 Rabi'u Musa Kwankwaso ya shigo APC, Malam Ibrahim Shekarau da aka kafa ta da shi ya fice zuwa PDP a farkon 2014. A 2018 Kwankwaso ya koma PDP, Shekarau ya dawo APC. A 2022 suka haɗu a NNPP, ba a yi wata huɗu ba Shekarau ya sake komawa PDP. Tuta na canzawa, magoya baya ba sa canzawa, domin abin da suke bi Kwankwasiyya ce ko gidan Malam.

Ranar da sheƙa ta kayar da gwamnati

Zai zama rashin adalci a ce sauya sheƙa kullum mai mulki take yi wa aiki. Ita ce ta haifi canjin gwamnati ɗaya tilo da aka yi daga jam'iyya zuwa jam'iyya a matakin tarayya. A 2008 shugaban PDP Vincent Ogbulafor ya bugi ƙirji cewa za su yi shekara 60 suna mulki. A 2013 ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka yi maja suka haifi APC. A ƙarshen Agustan shekarar, Atiku da wasu gwamnoni suka fice daga babban taron PDP a dandalin Eagle Square, a watan Nuwamba kuma biyar daga cikinsu suka shiga APC: Kwankwaso na Kano, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara da Rotimi Amaechi na Ribas. Kakakin majalisar wakilai Aminu Waziri Tambuwal ya bi su a Oktoban 2014, aka janye masa 'yan sanda, har aka ga 'yan majalisa na haura ƙofar majalisa cikin hayaƙi mai sa hawaye. A Maris na 2015 Muhammadu Buhari ya sami ƙuri'a miliyan 15.4, Goodluck Jonathan miliyan 12.8. Shekara 60 ta tsaya a 16.

Wannan nasara ta koya wa 'yan siyasa cewa adawa ba ginawa ake yi ba, jira ake yi gidan mai mulki ya fashe. Amma akwai abin da ake mantawa: gwamnonin sun tarar da ginin da aka riga aka ɗora. Buhari ya tsaya takara sau uku yana faɗuwa, yana riƙe da ƙuri'a kimanin miliyan 12 a 2003 da 2011. Tinubu kuma shi kaɗai ya tsira da kujerarsa cikin gwamnonin AD shida a 2003, ya zauna a adawa ya riƙe Legas har ya sake mamaye yankin Yarbawa.

PDP ba ta iya irin wannan zama ba. A 2019 Atiku da Obi da Kwankwaso duk suna cikinta. A 2023 kowa ya kama gabansa: Atiku ya sami ƙuri'a miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1 a jam'iyyar Leba, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi a NNPP. Tinubu ya ci da miliyan 8.79, ƙasa da kashi 37 cikin ɗari. Ƙuri'un mutum ukun sun haura miliyan 14. A cikin gida kuma gwamnoni biyar ƙarƙashin Nyesom Wike suka juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya, Wike ya zama ministan Abuja a gwamnatin APC yana riƙe da katin PDP.

Daga nan komai ya kwance. PDP ta shafe watanni tana shari'a kan wane ne sakatarenta. A Nuwamban 2025 ɓangare ɗaya ya yi taro a Ibadan ya zaɓi Kabiru Tanimu Turaki shugaba tare da korar Wike, bayan 'yan kwanaki aka harba hayaƙi mai sa hawaye a hedkwatar jam'iyyar da ke Abuja, ginin da ake kira Wadata Plaza. Leba ta rabu tsakanin Julius Abure da Nenadi Usman, NNPP ma ta yi ɓangarori. Shugaba Tinubu da kansa, a jawabinsa ga majalisa ranar 12 ga Yunin 2025, ya ce ba ya neman ƙasa mai jam'iyya ɗaya, amma bai ɓoye jin daɗinsa da ganin 'yan adawa a tarwatse ba.

Amsar da manyan 'yan adawa suka kawo ita ce haɗakar ADC, wadda aka ƙaddamar a Abuja a farkon Yulin 2025, David Mark na shugaba, Rauf Aregbesola na sakatare. Atiku ya bar PDP a karo na uku, Obi ya shiga ADC a ranar ƙarshe ta shekarar, ga Nasir El-Rufai da Amaechi da Abubakar Malami, waɗanda jiya-jiya ake damawa da su a APC. Wato maganin sauya sheƙa shi ma sauya sheƙa ne. Bambancinta da majar 2013 shi ne an ƙaddamar da ita ba tare da gwamna mai ci ko ɗaya ba.

Talaka fa?

Raunin adawa ba asarar 'yan siyasa kaɗai ba ce. Ɗan adawa ne ke tambayar inda kuɗin bashi ya tafi, shi ke tsayawa a ƙirga hannu idan an zo zartar da doka. A watan Maris na 2025, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Ribas aka dakatar da zaɓaɓɓen gwamna da majalisarsa na wata shida, tsarin mulki ya buƙaci amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar tarayya. Da murya aka amince, "eh" da "a'a", ba a ƙirga kowa ba. Gyaran tsarin mulki shi ma kashi biyu cikin uku yake buƙata tare da majalisun jihohi 24, kuma duk gwamnan da ya tashi da majalisarsa yake tashi.

Fushin jama'a kuwa bai sauya sheƙa ba, rasa mai ɗaukarsa ya yi. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda ta girgiza Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa, ba a ƙarƙashin tutar wata jam'iyya aka yi ta ba. A zaɓen 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne suka fito.

Waɗanda suka fito kuma ba kullum suke bin gwamna kamar raƙumi da akala ba. Mahmuda Aliyu Shinkafi ya kai Zamfara PDP daga ANPP, a 2011 Abdul'aziz Yari na ANPP ya kayar da shi. Bukola Saraki ya bar APC a 2018 yana shugaban Majalisar Dattawa, a 2019 mutanen Kwara suka raba shi da kujerar sanata. Tambuwal, da ya koma PDP a 2018, da ƙuri'a 342 kacal ya tsira a Sakkwato. Ben Ayade na Kuros Riba ya koma APC a 2021, ya nemi sanata a 2023 ya faɗi.

To me ya sa ba a ji tsoro? Saboda faɗuwar wanda ya faɗa gidan mai mulki tana da katifa. Godswill Akpabio ya bar shugabancin marasa rinjaye na PDP a Majalisar Dattawa a 2018, ya faɗi zaɓe a 2019, aka ba shi minista, a 2023 ya zama shugaban majalisar. Rimi da ya faɗi a 1983 gida ya koma, kafin sojoji su zo a ƙarshen shekarar su tsare shi tare da sauran gwamnoni. Matawalle kuwa, wanda ƙuri'un PDP da hukuncin kotu suka ɗora kan mulki a 2019, Zamfarawa sun kayar da shi a Maris na 2023 suka zaɓi Dauda Lawal na jam'iyyar da ya baro. A watan Agusta aka rantsar da shi ƙaramin ministan tsaro.